Maɗaba'ar da ta kusa sayen injin da ba ta buƙata

## Wurin da yadda aiki ke bi a cikinsa

Maɗaba'a ce matsakaiciya mai ma'aikata 23. Tana da babban injin bugu guda ɗaya mai launi huɗu, da ƙaramin injin dijital na ayyukan da kwafinsu ba shi da yawa, da injin yanka, da sashen ɗauri. Tana buga takardun talla, da rasit, da kalanda, da rahotannin kamfanoni, da littattafan makaranta. Mai ita yaron inji ne a da. Ya haura shekara ashirin a sana'ar, kuma har yau idan injin ya sauya ƙara, daga ofishinsa yake ganewa kafin wanda ke kansa ya lura.

Aiki yana shigowa ta teburin karɓa, inda mace ɗaya ke rubuta oda, ta karɓi fayil a filashi ko ta waya. Daga nan sai ɗakin zane, mai mutum uku. Su ke buɗe fayil, su gyara abin gyarawa, su fitar da samfuri a tura wa mai aikin ya duba ya amince. Idan ya amince sai a yi faranti, wato fallen da ke ɗauke da zanen wanda ake ɗaura wa inji, kowane launi da nasa, guda huɗu ke nan ga kowace fuskar takarda. Sai bugu, sai a jira tawada ta bushe, sai yanka da ɗauri, sai miƙawa. Alkawarin da ake yi wa kowa shi ne kwana biyar na aiki.

Alkawarin nan ne ya daina cika. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Sannu a hankali aka wayi gari kusan rabin ayyukan da ke littafin oda suna wuce ranar da aka sa musu. Manyan abokan ciniki uku suka yi ƙorafi a rubuce, ɗaya daga cikinsu ya kwashe aikinsa gaba ɗaya ya kai wani wuri. Daga ranar da ya tafi nake fara ƙirgen makonnin da ke ƙasa.

## Mako na 1 zuwa na 4: ƙarin sa'o'i da yanke albashi

Maigidan ya tara ma'aikata ya gaya musu cewa aiki ya yi yawa, hannu kuma ya yi sanyi. Ya sa matakai biyu. Ɗakin inji zai riƙa ƙara sa'a biyu kowace rana. Duk aikin da aka sake bugawa saboda kuskure, za a cire kuɗin takardar daga albashin wanda aka samu da laifi.

Ƙarin sa'o'in bai motsa komai ba. A kwanaki da dama masu inji suna zaune da yamma babu faranti a hannunsu, sai su wanke rola su jira lokacin tashi. Yanke albashin kuwa ya haifar da abin da ba a yi tsammani ba. Masu zane suka daina gyara ko da waƙafi ne a fayil ɗin mutum sai sun tura masa sun jira amsarsa, don kada laifi ya hau kansu. Mai yanka ya daina faɗa idan ya ga zane ya matso bakin takarda, domin in ya faɗa za a nemi mai laifi, mai laifin kuma abokinsa ne. A ƙarshen mako na huɗu ayyukan da ke makara ba su ragu ba, ga kuɗin ƙarin sa'o'i ya hau kan kamfanin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

## Mako na 5: taron kowa ya faɗi abin da ke ransa

Manajan ya taɓa halartar wata bita inda aka koya musu zaman zuba shawarwari, irin wanda ake tara mutane kowa ya jefo abin da ya zo masa, ba a kushe kowa, a nemi yawa kafin a nemi kyau. Alex Osborn, wani jami'in kamfanin talla na BBDO a Amurka, shi ya yaɗa wannan salo a shekarun 1940 da 1950, kuma har gobe shi ne abin da yawancin ofisoshi ke fara kamawa idan abu ya cije. Manajan ya shawo kan maigida aka yi zaman. Mutum 19 suka halarta, aka yi sa'a ɗaya da rabi.

Maigida ne ya fara magana, ya ce shi a ganinsa injin ya tsufa, amma kowa ya faɗi nasa. Shugaban ɗakin inji ya goyi bayansa, ya lissafa sau nawa injin ya tsaya a watan. Manaja ya kawo batun ƙarin ma'aikata. Babban mai zane ya ce kwamfutocinsu na da nauyi. An rubuta shawarwari 14 a allo, tara daga cikinsu saye ne: a sayi inji, a sayi kwamfuta, a sayi wani injin yanka. Mutum shida kawai suka buɗe baki a zaman. Matar teburin karɓa ba ta ce uffan ba, haka yaran ɗauri, haka ɗan koyon da ke taya mai yanka.

Abin da ya faru a ɗakin sananne ne ga masu bincike. Tun 1958 Donald Taylor da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka gwada ƙungiyoyin mutum huɗu masu zaman zuba shawarwari da wasu mutum huɗu da kowa ya zauna shi kaɗai, suka tarar cewa masu zama ɗai-ɗai sun fitar da kusan ninki biyu na shawarwarin. A 1987 Michael Diehl da Wolfgang Stroebe suka nuna babban dalilin: a taro mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, saura suna jiran layi, kafin layin ya zo kansu sun manta, ko sun ga maganar ta wuce wurin. A wannan maɗaba'a an ƙara da wani abu. Wanda ke biyan albashi ya riga ya faɗi amsarsa, kuma mako huɗu ke nan ana cire wa mutane kuɗi kan kuskure.

Aka tashi a kan cewa inji na biyu ne mafita.

## Mako na 6 da na 7: lissafin inji

A nan na shigo. Maigidan ya nemi in duba masa lissafin rancen da zai ci don sayen injin, wanda kuɗinsa ya kai ribar kamfanin ta kusan shekara biyu. Lissafin da kansa ba shi da matsala, in dai injin zai kawo ƙarin aikin da aka zata. Na tambaye shi sa'a nawa injin da yake da shi ke bugu a rana. Ya ce kullum yana aiki. Na ce ina nufin sa'o'in da takarda ke wucewa ta cikinsa. Ya kira shugaban ɗakin inji, shi ma bai da adadi. Babu wanda ya taɓa rubutawa.

Na roƙe shi ya ɗaga sa hannu da mako uku. Bai so ba. Ya ce, "Malam, na san injina fiye da yadda na san tafin hannuna." Na ce ban musa ba, sai dai abin da nake son mu sani ba lafiyar injin ba ce, inda kwanakin da kowane aiki ke ci suke tafiya nake nema. Abin da ya sa ya yarda a ƙarshe, kamar yadda ya faɗa mini daga baya, shi ne dillalin injin ya ce farashin zai tsaya har wata guda. Jiran bai ci masa komai ba.

Sharaɗi ɗaya na gindaya: a dakatar da yanke albashi muddin ana awon, kuma shi da bakinsa zai sanar. Ya sanar.

## Mako na 8 zuwa na 10: bin sawun aiki

Mun buga ƙaramin kati, aka liƙa shi a jikin ambulan kowane aiki. Duk wanda aikin ya iso hannunsa ya rubuta rana da lokaci, idan ya bar hannunsa ya sake rubutawa. Idan aikin ya koma baya, a ja layi a faɗi dalili da kalma biyu ko uku. Ba a sa gurbin suna a katin ba, sashe kawai. Duk ayyukan da suka shigo a kwanakin aiki goma na farko an sa musu kati, guda 80, aka bi su har suka fita.

Ni kuma na yi kwana biyu a tsaye a kusurwar ɗakin zane ba na cewa komai. Ana ba da labarin cewa Taiichi Ohno na kamfanin Toyota yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya tsayar da injiniya a ciki sa'o'i yana kallo, har sai ya ga abin da masu wucewa ba sa gani. Ban zana da'ira ba, amma na ga amfanin tsayuwar. Na ga babban mai zane ya buɗe fayil, ya tarar hotunan an kwaso su daga waya, ba su kai ɗigo 300 a inci da bugu mai kyau ke buƙata ba, ya rufe ya ajiye ambulan a gefe. Ya buɗe na biyu, launukan na allon kwamfuta ne, ba a mai da su na tawada huɗu ba. Na uku babu rarar milimita uku da ake bari a gefe don yanka. Na huɗu haruffan da aka yi rubutun da su ba sa cikin kwamfutarsa, shafin duk ya tarwatse. Kafin tsakar rana ambulan bakwai ne a gefen teburinsa, kowanne yana jiran a kira mai shi. Wa zai kira? Ya ce aikin teburin karɓa ne. Matar teburin ta ce ita ba ta san abin da za ta ce wa mutum ba, tunda ba ta san me ya samu fayil ɗin ba.

Ga abin da katunan suka nuna. Matsakaicin lokaci daga shigowa zuwa miƙawa kwana 8 ne na aiki. Daga ciki, kwana 4 da rabi suna tafiya kafin a yi faranti. Jiran layi a gaban inji kwana 1 da rabi. Bugun kansa, har da ɗaura faranti da daidaita launi, bai kai rabin yini ba ga yawancin ayyuka. Sauran na bushewa ne da yanka da ɗauri. Ayyuka 44 cikin 80 sun wuce kwana biyar. Guda 35 sun koma baya aƙalla sau ɗaya, 11 kuma sai da aka sake musu faranti bayan an riga an ɗaura, saboda gyara ya iso a makare. Injin yana bugu ƙasa da sa'a biyar a yinin aiki mai sa'a takwas.

Mun kuma ƙirga ambulan da ke cikin ginin a ranaku uku daban, muka samu tsakanin 60 da 68. Maɗaba'ar tana kammala ayyuka kusan 8 a rana. Akwai wata ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961: idan ka raba yawan abin da ke cikin layi da yawan abin da ke fita a rana, za ka samu matsakaicin kwanakin da kowane abu zai yi a ciki. 64 a raba da 8, kwana 8. Na rubuta wa maigidan wannan a bayan kati. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kira dillali a ce masa ya dakata.

## Mako na 11: me ya sa?

Aka yi zama na mutum biyar kawai: matar teburin karɓa, mai zane ɗaya, mai faranti, manaja da ni. Maigida ya yarda ba zai shigo ba. Muka ɗauki ambulan ɗaya da ya yi kwana 13 muka bi shi da tambayar da Toyota ta shahara da ita, wato a yi ta cewa "me ya sa" har a kai ga abin da in an gyara shi matsalar ba za ta dawo ba. Misalin da Ohno ke bayarwa na injin da ya tsaya ne: fis ya ƙone, saboda nauyi ya yi yawa, saboda mai bai isa ba, saboda famfon mai ya lalace, saboda babu matata, ɓurɓushin ƙarfe na shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko fis zai canja, bayan 'yan watanni ya sake canjawa.

Namu ya tafi haka. Aikin ya makara saboda ba a yi faranti ba sai rana ta tara. Ba a yi ba saboda ana jiran mai aikin ya turo hotuna masu kyau. Bai turo da wuri ba saboda sai rana ta huɗu aka gaya masa. Sai rana ta huɗu saboda ranar ta uku aka fara buɗe fayil ɗin, yana bayan wasu a layi. Me ya sa ba a buɗe shi ranar da aka kawo ba? A nan matar teburin ta yi magana. Ta ce kwamfutarta ta rubuta rasit ce kawai, ba ta buɗe irin waɗannan fayiloli. Ta ƙara da cewa ranar da aka ɗauke ta aiki, umarni ɗaya aka ba ta: kada ta bar kowa ya fita da aikinsa, ta karɓa ta ce kwana biyar.

Wannan hanyar tambaya tana da rauni, domin layi ɗaya take bi, matsala kuwa sau da yawa reshe biyu gare ta. Mai faranti ne ya tuna mana da ayyuka 11 da aka sake wa faranti, waɗanda labarinsu daban ne. Muka ɗauki ɗaya muka sake bi. Mai aikin ya turo gyara tun da wuri, amma wayar maigida ya tura wa, da saƙon murya, maigida kuma yana hanya. Wani ya tura wa manaja. Wani ya gaya wa direban da ke kai kaya. Da muka lissafa, amincewa da gyara suna shigowa ta wayoyin mutum shida, ɗakin zane kuwa ba ya cikin shidan.

## Mako na 12: shawara a rubuce, ba da baki ba

Sai yanzu aka koma neman dabara, kuma tambayar ta sauya. A mako na biyar an tambayi mutane yadda za a yi aiki da sauri. Yanzu abin da aka rubuta a allo shi ne: ta yaya za mu san fayil yana da matsala tun mai shi bai bar wurin ba, kuma ta yaya gyara zai isa ɗakin zane ba tare da ya kwana a wayar wani ba?

Mun yi amfani da tsarin da Bernd Rohrbach ya ƙirƙiro a Jamus a ƙarshen shekarun 1960. Mutum shida su zauna, kowa ya rubuta shawara uku cikin minti biyar, ya miƙa takardar ga na kusa da shi, shi kuma ya karanta ya ɗora nasa uku. Zagaye shida, rabin sa'a, ba a magana. Muka yi rukuni uku. Maigida ya zauna a ɗaya daga ciki, da takarda irin ta kowa, babu suna a kai. Mutum biyu da rubutu ke ba su wahala sun zauna da ni a gefe, suna faɗa mini a hankali ina rubutawa.

Yawancin abin da ya fito maimaici ne, wasu ma ba su shafi tambayar ba. Bayan an tace sai aka samu shawarwari 17 masu tsayawa da ƙafarsu. Aka auna kowacce da tambaya uku: me za ta ci, cikin kwana nawa za mu san ko ta yi aiki, kuma in ba ta yi ba za a iya janyewa? Inji na biyu ya faɗi a duka ukun. Huɗu suka tsallake:

Mai zane ɗaya zai riƙa zama a teburin karɓa, bi da bi, ya buɗe kowane fayil a gaban mai shi. Ba za a ce an karɓi aiki ba, ba za a faɗi rana ba, sai fayil ya cika. Gyara da amincewa ta lamba ɗaya kawai za su shigo, a rubuce, wayar kuma tana ɗakin zane. Ayyukan da aka karɓa ba za su wuce 32 a cikin gida ba a lokaci guda, kowanne da katinsa a allo.

Shawara ta biyu, wadda ta fi kowacce tasiri daga baya, an rubuta ta da fensir da manyan haruffa. Maigida ya ɗaga takardar ya tambayi mai ita. Ɗan koyon ɗakin yanka ne. Ya ce, "Oga, ni ne nake kwashe takardun da aka ɓata zuwa shara, kuma kullum nakan duba in ga abin da ya ɓata su." Maigida ya ce masa, "To kai me ya hana ka faɗa a wancan taron?" Yaron ya ce ba a tambayi wannan ba a wancan taron.

## Mako na 13: a ɗauka an riga an gaza

Kafin a fara, mun yi zama na minti 40 bisa hanyar da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya bayyana a 2007. Ba a tambayar mutane ko shirin zai iya lalacewa. Ana ce musu wata uku sun wuce, shirin ya rushe, kowa ya rubuta abin da ya rusa shi. Wanda ke jin nauyin kushe shirin shugabansa yakan sami bakin magana idan aka ce masa labarin abin da ya riga ya faru ake nema.

Takardu 11 cikin 20 abu ɗaya suka faɗa da kalmomi daban-daban: maigida zai shigo da ambulan a hannu ya ce na babban mutum ne, a ajiye komai a yi shi. Aka karanta su a gabansa. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne, kuma ba zai iya alkawarin dainawa ba, don akwai mutanen da ba ya iya ce musu a'a. Aka yi sulhu a kan jan kati biyu a mako. Duk aikin da ya sa wa jan kati zai tsallake layi, amma sai ya bi ta teburin karɓa an buɗe fayil ɗinsa, kuma in biyun sun ƙare sun ƙare.

## Mako na 14 zuwa na 21: gwaji

Makonni biyun farko sun yi wuya. Mun tsara takardar dubawa mai tambaya 22 don teburin karɓa, sai layi ya taru har bakin ƙofa, masu zane suka fara cike ta ba tare da sun duba ba. A mako na 16 aka koma kan katunan awon farko, aka ga abu biyar ne suka jawo mafi yawan komawa baya: girman takarda, ingancin hoto, launi, rarar gefe, da haruffa. Aka rage takardar zuwa waɗannan biyar. Duba fayil ya koma minti shida zuwa goma.

Wurin miƙa aiki daga teburin zuwa ɗakin zane ma sai da aka sake shi. Na ba su labarin likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan, waɗanda suka ga yadda ma'aikatan Ferrari ke canja tayoyin motar tsere cikin daƙiƙu, suka je suka koyi tsarin, suka gyara yadda ake miƙa yaro daga ɗakin tiyata zuwa sashen kulawa ta musamman. Binciken da suka wallafa a 2007 ya nuna kurakurai sun ragu. Abin da suka ɗauko shi ne kowa ya san aikinsa, mutum ɗaya ke jagorantar miƙawar, kuma akwai jerin abin da dole a faɗa. Masu zanen suka tsara nasu: wanda ya duba fayil a tebur shi zai kai ambulan da hannunsa, ya faɗi abu uku kafin ya sake shi.

Dokar lamba ɗaya ta sha karo da tsofaffin abokan ciniki, waɗanda suka saba kiran maigida kai tsaye. Ba a iya hana su ba. Abin da ya yiwu shi ne maigida da manaja su tura saƙon zuwa lambar nan take, kuma ba a taɓa faranti sai amincewa ta bayyana a can a rubuce. Abokan ciniki biyu sun ji haushin an ƙi faɗa musu rana kafin su gyara fayil, suka tafi. Ɗaya ya dawo bayan wata guda.

Jan katin ya ƙare ranar Talata a makonni uku na farko. A mako na 18 maigida ya shigo da na uku. Matar teburin ta ce, "Yallaɓai, katinka ya ƙare, sai dai ka zaɓi wanda za a cire daga allo." Ya tsaya gaban allon ya karanta sunayen ayyukan, bai cire ko ɗaya ba, ya kira mutumin ya ba shi wata rana.

## Mako na 22 zuwa na 24: awo na biyu

Aka sake bin ayyuka 80 da kati iri ɗaya. Daga ranar karɓa zuwa miƙawa, matsakaicin ya koma kwana 4. Waɗanda suka wuce ranar alkawari 13 ne, a da 44. Masu komawa baya 12, a da 35. Sake faranti 2, a da 11. An soke ƙarin sa'o'i, ba a dawo da yanke albashi ba, ba a ci rancen ba.

Akwai adadi na biyu da dole a ajiye kusa da na farko. Tunda yanzu agogo ba ya fara bugawa sai fayil ya cika, wani ɓangare na raguwar sauya wurin fara ƙirge ne. Don haka mun ƙirga kuma daga ranar da mutum ya fara tako ƙofar. Ta wannan ma'aunin kwana 8 sun koma 5 da rabi.

## Hukunci

Maigidan bai yi kuskure a kan injinsa ba. Injin ya tsufa, yana tsayawa, kuma wata rana za a canja shi. Kuskuren shi ne ya nemi matsalar a ɗakin da ya fi sani, kuma ƙwarewarsa ta shekara ashirin ce ta sa babu wanda ya yi tunanin ya ce a duba wani ɗakin. Ina ganin wannan ya fi kowane abu bayyana watanni biyun da aka ɓata. Da rancen ya tabbata, da inji biyu ne za su zauna suna jiran faranti.

Cikin dabarun da aka yi amfani da su, katin awo ne ya yi aikin da ya fi nauyi. Shi ya sauya tambayar. Rubutu a shiru da aka yi a mako na 12, da an yi shi a mako na biyar da tsohuwar tambayar, ina zaton jerin kayan saye zai ƙara tsawo kawai. Haka kuma katin ba zai faɗi gaskiya ba da ana ci gaba da cire wa mutane kuɗi, domin babu mai rubuta "ya koma baya" a takardar da za ta ci albashinsa. Wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma matar teburin da ɗan koyon sun san nasu tun kafin a kira ni. Abin da har yanzu ke yi mini zafi a rai shi ne matar ta yi shekara uku tana faɗa wa mutane kwana biyar alhali ta san ba za a cika ba, kuma a duk tsawon lokacin ita ake kira a zazzaga wa faɗa.

Ban yarda cewa an gama ba. Dokar jan kati tana tsaye ne a kan haƙurin mutum ɗaya, ranar da ya ga dama zai iya ture ta, kuma babu abin da ke rubuce da zai hana shi. Zaman mai zane a teburin karɓa ya rage wa ɗakin zane hannu ɗaya cikin uku, abin da ba a ji ba tukuna saboda gyare-gyare sun ragu, amma lokacin buga kalanda da littattafan makaranta bai zo ba. Layin da ke gaban sashen ɗauri kuma ya fara tsawo, tunda aiki yana isa can da sauri fiye da da. An sa ranar sake raba katunan a makon farko na lokacin cunkoson, kuma wannan karon shugaban sashen ɗauri ne ya nemi a yi.